504 kufe da injin V8 na Lexus, zai yiwu a Garwa kuwa?

Sani Yelwa: Assalamu alaikum ƴan uwa masanan mota. Shawara nake nema. Akwai Peugeot 504 kufe mai ƙofa biyu ta 1972 a gidanmu, kakanmu ne ya saya a hannun wani Bafaranshe da ya yi aikin auduga a nan Garwa, Kamaru. Injin asali babu shi tuntuni, wani na 504 fikof aka jefa mata mai karbirato, shi ma ya buga. Jikin da sauran ƙwari, tsatsa a ƙasan ƙofofi ne da wajen ajiye batir kawai. Burina in sa mata injin V8, 1UZ na Lexus LS400, lita 4, doki 250, in yi mata fenti ja, in fito da ita ranar sallah. Wa ya taɓa yin irin wannan aiki ko ya ga an yi? Usta Mahamat dan Allah ka leƙo.

Bappa Hamadu: Wa alaikumus salam. Sani ɗana ka ji tsoron Allah. Ka san abin da ke hannunka kuwa? Ba 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 ba ce fa, wadda ta cika tashoshi. Kufe a Italiya aka zana ta aka ƙera jikinta, kamfanin Pininfarina, ta fito 1969 aka daina 1983. Da irinta mai V6 Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya a 1978. Yanzu kai za ka kai ta gun mai walda ya yanyanka ta saboda injin Japan? Ka nemo injinta ka mayar, shi ke nan.

Sani Yelwa: Bappa ai da injin asalin yana nan da ban fara wannan magana ba. Famfon fesa mai na Kugelfischer ɗin nan nata wa zai gyara min shi a Garwa? Ko a Duwala ban jin akwai.

Dan Mubi: kai sani rabu da tsofaffi wlh 😂 saka V8 kawai, idan ka taka ta akan gadar binuwai har pitoa sai sunji kukanta. ai turawan ma haka sukeyi, Shelby Cobra da ake ta yabo meye ita, motar ingila ce AC Ace aka dauko injin Ford V8 aka cusa mata a 1962, ba wanda yace an bata ta, yau kudinta yafi na gida

Bappa Hamadu: Ɗan Mubi wa kake kira tsoho? Ubanka ma a bayana yake.

Dan Mubi: tuba nake bappa 🙏 amma maganar cobra gaskiya ce

Usta Mahamat Njamena: Salamu alaikum, na zo. Sani, kafin mu yi maganar inji ka shiga ƙarƙashin motar da tocila ka duba daga bayan buwat, wato giyabos, har zuwa pon na baya, akwatin da ke raba juyi ga tayoyin baya. Ba za ka ga farfela tana a fili ba kamar ta Hilux, wani bututun ƙarfe mai kauri za ka gani an ɗaure shi da kusoshi a jikin buwat, ɗaya bakin kuma a jikin pon, sandar da ke juyawa tana cikinsa. To wannan bututu ba ado ba ne. Inji da buwat da bututun da pon duk abu ɗaya ne a miƙe, sifor biyu, wato mazaunan inji, a gaba, pon a baya, su ke riƙe da komai. Ranar da ka ce za ka sa buwat ɗin Toyota to bututun nan dole ya fita, da ya fita kuma wutsiyar buwat ba ta da wurin zama, hancin pon ma ba mai riƙe shi, duk sanda ka taka wuta zai ɗaga sama ya dawo har ya yage inda aka ɗaure shi. Kenan sai ka ƙera sabon gicci na ƙarfe a ƙarƙashi don buwat, ka ƙera wa pon mariƙi, ka kai farfela gun mai tur, injin sassaƙa ƙarfe, ya yanke ta daidai tsawo, kuma a yi mata balans, in ba haka ba daga gudun 80 motar za ta fara rawar ɗari. Kufe kuma ta fi salun gajarta da santimita 19 tsakanin tayoyin gaba da na baya, saboda haka ko farfelar wata 504 ba za ta zauna ba. Mutane suna ganin injin ne aikin. Inji kam kwana biyu ka zaunar da shi. A nan ƙasa gizo ke saƙar.

Sani Yelwa: Usta na gode. To in na bar buwat ɗin Peugeot fa, aka yi faranti aka haɗa shi da V8 ɗin?

Usta Mahamat Njamena: Za ta yi tafiya, daga gareji zuwa Rumde Ajiya ta dawo. Ƙarfin murɗa na 1UZ ya kai Nm 350, injin lita 2 da aka yi buwat ɗin dominsa bai kai rabin haka ba. BA7, wato buwat ɗin nata, ba zai ɗauka ba. BA10 na masu V6 ya fi ƙwari amma shi ma ba zan sa hannuna a kai ba in Ɗan Mubi ne zai tuƙa.

Dan Mubi: ni kuma me nayi 😭

Ibrahim Marwa (mai wayarin): Ni bari in yi magana a ɓangarena. Sani in ma V8 ɗin ka nace, ka san wanne za ka saya don ba iri ɗaya ba ne. Na farko daga 1989 zuwa 1994 shi ne mai sauƙi, distiribita biyu, koyil biyu, babu wani makullin sirri, ka ba kalkilato, wato kwamfutar injin, wuta da mas (wayar ƙasa) ya tashi. Kuma ko bel ɗin taimin ya tsinke fistan ba ya dukan bawul. Daga wajen 1998 da aka sa VVT-i ƙarfi ya hau zuwa 290 amma akwai antidemaraj mai hana ɓarawo tayar da inji, in ba ka zo da makullinsa da akwatinsa ba to ka sayi ƙarfe ne kawai. Matsalar na farkon kuma kalkilatonsa ya tsufa, ƙananan kondansato na ciki suna zubar da ruwa su cinye allon, sai ka ga mota tana mutuwa haka kawai ko giya tana hauka, a yi ta canza fulogi da famfo ba a san daga can ba ne. Ni duk wanda aka kawo min sai na buɗe na canza su kafin in haɗa waya ko ɗaya.

Sannan dan Allah ku daina barin ƴan kasuwa suna yanke feso, wato damin wayoyin inji, da adda. Wallahi abin na ci min rai, a kawo maka inji tsaf amma wayoyin an datse su dab da bango, mako guda kana bin launi kana gwadawa da mita.

Hajiya Asabe Gaundere: Malam Ibrahim ba duka ƴan kasuwa ba 😄 Mu in aka ce muna so da feso cikakke haka muke sa a kwance. Masu saye ne ke cewa a rage musu kuɗi, to mai kwancewa a Kam Yabasi ta Duwala ba zai ɓata awa uku yana zare soket ɗaya bayan ɗaya a banza ba.

Ibrahim Marwa (mai wayarin): Hajiya ke kam shaida ce, ban da ke.

Abdu Lyon: Sannunku. Ni ina karatu a Faransa kuma ina zuwa tarukan tsofaffin motoci a nan. Gaskiya ina bayan Bappa. Kufe mai kyau da kayanta na asali a nan kuɗi ne sosai, wadda aka yanke kuwa masu tarawa ba sa ko kallonta. Yaya Sani ka yi lissafi, yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ko gangar jikin kaɗai ka sayar ka samu na wata motar. In ba ka son sayarwa to aƙalla duk abin da za ka yi ka yi shi da kusoshi, kada a yanka shasi, yadda ɗanka wata rana zai iya kwancewa ya mayar da ita yadda take.

Sani Yelwa: Abdu sayarwa kam babu, motar gado ce, gwaggonnina za su cinye ni ɗanye. Amma maganar kusoshi ta shige ni.

Alhaji Garba Kuseri: Ni dai direba ne shekara da shekaru, Kuseri, Mora, Marwa, ba makanike ba. Abin da zan tambaya shi ne in wannan injin naka ya lalace a Dabanga wa zai taɓa shi? Me zai hana ka sa 3RZ na Hilux ko Hiace, lita 2.7, doki 150, sarƙa gare shi ba bel ba, kayansa ko a kasuwar ƙauye ka samu, kowane yaron gareji daga Gaundere har Njamena ya san shi. Motar ba ta da nauyi, 150 ya ishe ta ta tashi sama. Tun asali ma mai V6 ɗin da Bappa ke yabo 136 ne da ta fito a 1974, daga baya ta koma 144.

Usta Mahamat Njamena: Alhaji tunaninka na mai hanya ne kuma na yarda da rabinsa. Inda ya ci karo shi ne tsayi. Ku buɗe kafo, wato bonet, na kowace 504 mai fetur silinda huɗu ku gani, injin a kishingiɗe yake gefe guda, digiri 45, da gangan Peugeot suka kwantar da shi don gaban motar ya yi ƙasa. 3RZ kuwa a tsaye yake ƙiƙam, injin motar kaya ne mai dogon wuya. In ka zaunar da shi ko dai kafo ya ƙi rufuwa ko karter, tukunyar baƙin mai ta ƙasan inji, ya sauko ya zauna kan kiremayer na sitiyari. Sai dai a yanka kafo a yi masa tozo, kufe kuma da tozo kamar a naɗa wa amarya rawani ne. Kuma shi ma bututun nan sai ya fita, wahalar ƙasa ɗaya ce da ta V8.

Dan Mubi: to 2JZ fa usta, na supra

Usta Mahamat Njamena: Silinda shida a jere, dogo ne, ga nauyin baƙin ƙarfe. Radiyato sai dai ka riƙe shi a hannu. A nan V8 ya fi shi, gajere ne kuma alminiyom ne, faɗi ne matsalarsa. Sitiyarinmu a hagu yake, sandarsa na saukowa daidai inda bututun hayaƙi na hagu zai bi, ga tukunyar birki a wurin. Dole a ƙera kolekta na hayaƙi da hannu. Abu ɗaya da ya taimaka, dimare na 1UZ, wato sitata, a tsakiyar V yake ƙarƙashin manifol, ba ya cin wuri a gefe, amma ranar da ya mutu sai ka kwance saman inji duka, don haka ka sa sabo tun injin yana ƙasa. Karter ma kala uku ne, na LS400 tulunsa a gaba, na Crown a tsakiya, na SC400 a baya. Kada ka biya kuɗi sai ka auna inda gicci da kiremayer na motarka suke ka san wanne zai wuce.

Malam Isa Figil: Duk kun manta da rana. Watan Maris da Afrilu a Garwa zafi na haura 40, wani lokaci ya doshi 45, ka tsaya a cunkoson babbar kasuwa da V8 a cikin ɗan ɗakin nan da iska ba ta da hanyar fita. Ni shawarata a cire tamostat tun farko kamar yadda muke yi wa kowace mota, a haɗa fanka dairek.

Ibrahim Marwa (mai wayarin): Malam Isa da girmanka amma a nan ban bi ka ba. Wannan dabarar ta zamanin karbirato ce. Injin mai kalkilato yana karanta zafin ruwa ne ya san yawan man da zai zuba, in ka cire tamostat da safe ko lokacin sanyin Disamba injin ba zai kai zafinsa ba, kalkilato ya ɗauka har yanzu ana ɗumama shi ne ya yi ta ambaliya da mai, fulogi su yi baƙi, mai ya wanke silinda ya gangara cikin baƙin mai. A irin wannan injin ma tamostat ɗin shi ke toshe ƴar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi radiyato ba, in babu shi wani ruwan zai riƙa kewaya inji da zafinsa, ka ga an gudu ba a tsira ba. Abin da ake yi shi ne radiyato babba na alminiyom, fanka biyu na wuta da murfinsu da ya rufe radiyaton gaba ɗaya, rile da fiyus na kowacce daban, a toshe gefe da gefe don iska ta bi ta cikinsa dole. Kuma ruwan rijiya haram a injin alminiyom, kanwa da gishirin ciki su ke cinye kilas, wato kan silinda. A sayi ruwan radiyato na galan.

Malam Isa Figil: Shekara nawa ina cirewa ba wanda ya dawo min da ƙara.

Ibrahim Marwa (mai wayarin): Ba su dawo gunka ba don guna suke zuwa Malam 😂 wai mota na shan mai.

Admin Bello: Jama'a a yi a hankali, raha ce. Kuma wanda ya turo tallan fili a Marwa na goge, nan ba wurinsa ba ne.

Alhaji Garba Kuseri: Tunda an zo maganar mai. Sani ka san lita nawa ne yanzu? Super sefa 840 a gidan mai tun Fabrairun 2024, a farkon 2023 kuwa 630 ne. Zuwa-zuwa, man Najeriya na bakin titi da muke fakewa da shi, tun da Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023 shi ma ya daina araha. Lita 4 fa ka ce. Kuma na kwalba ɗin nan da ake tacewa da tsumma, karbirato na haƙuri da shi, injekta ba ta haƙuri.

Usta Mahamat Njamena: Gaskiya ne. Famfon mai na wuta mai matsin bar 3, tiyo na zuwa da na dawowa, filta biyu, ɗaya kafin famfo ɗaya bayansa. Tankin da ya shekara da shekaru a ajiye a sauke shi a wanke tsatsa, in ba haka ba sati ɗaya famfo ya ƙone. Sa'arka ɗaya, kufe ta 1972 da injeksiyon ta zo tun asali, mai yiwuwa layin dawowar yana nan in wanda ya sa karbirato bai tsige shi ba. Ka duba.

Bappa Hamadu: Duk ku gama zagaye-zagayenku. Ƴar uwarta na nan, 505. Injin 505 GTI lita 2.2 doki 130, ko V6 lita 2.8 na 505 da ya fito 1986 doki 170. Jini ɗaya ne, bututun da Usta ke magana yana nan a wurinsa, ba yanka ba tozo. Ni da 504 na hau falez, hawan dutsen nan na Gaundere, da mutum bakwai da buhunan masara, ban taɓa jin ta gaza ba.

Dan Mubi: bappa ance injin ZAMANI, 1986 ko babana baiyi aure ba

Abdu Lyon: Akwai na tsakiya. V6 na 406, ES9, lita 3, wajen doki 190 zuwa 210 gwargwadon shekara. Peugeot ne, na zamani ne, alminiyom ne, kuma 406 ta yi yawa a Najeriya.

Usta Mahamat Njamena: Abdu inji ne mai daɗi amma a gicciye yake zaune a 406, gaba yake ja. In ka juya shi ya kalli baya sai faranti tsakaninsa da buwat, sai an gyara bolan, wato filawil, da kuloci, bakin ruwa da na iska duk suna kallon inda bai dace ba, ga antidemaraj. Ana yi, amma aikin mai tur ne na gaske mai auna ɗigo, ba na a-ƙwanƙwasa-ya-shiga ba. In faranti ya kauce ko kaɗan sandar buwat za ta ci boris duk wata uku.

Ni in motata ce ga abin da zan yi, kuma Bappa zai yi murna. V6 na 505 da BA10 ɗinsa in an samu mai rai, a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano za a fi dacewa. Motar ta riga ta san V6, kamfani da kansa ya sa mata. Sauran kuɗin in zuba a birki da amotisa (shokozoba) da roba-roban ƙafa da waya sabuwa daga gaba har baya, don wayar 1972 ita ke ƙona irin waɗannan motoci ba inji ba. Amma in zuciyarka V8 take so ban ce ba zai yiwu ba, na ce dai kuɗin inji ka ninka shi uku kafin taya ta juya, kuma ka manta da sallar bana.

Hajiya Asabe Gaundere: Ba wanda ya yi maganar takarda. Kat giriz ɗinka, wato takardar motar, 11 CV aka rubuta a ma'aunin haraji, ka zo da lita 4 a ciki. A bizit teknik, binciken lafiyar mota, za a buɗe kafo, kuma vinyet, harajin mota, yanzu a cikin kuɗin asirans (inshora) ake karɓa gwargwadon CV. Allah ya kiyaye in aka yi hatsari mai asirans ya ga injin ba shi ne a takarda ba, zai ce bai san zance ba. Ka je ofishin sufuri ka tambayi yadda ake gyara takardar tun kafin ka fara, kuma ka riƙe rasit da takardar duwan (kwastan) na injin da lambarsa a jiki, hanyar Gaundere zuwa Garwa shinge nawa ne.

Sani Yelwa: Hajiya wallahi wannan ko a raina bai zo ba. Na gode. Usta maganar birki fa, ai diski ne ƙafa huɗu.

Usta Mahamat Njamena: Diski ne, amma an yi su ne don doki 104. Sauka daga falez zuwa Mbe da buwat otomatik na Lexus wanda ba ya riƙe mota sosai, birki kaɗai kake takawa, kafin ka kai ƙasa feda ta yi laushi. Ka nemi diski masu iska a tsaki na gaba irin na masu V6, tiyo sababbi, man birki sabo. Janta kuma, wato ƙarfen taya, ramukanta huɗu ne a kan milimita 140, ba na Toyota ba ne mai shiga, in ban da Peugeot sai tsofaffin Subaru. Kada wani ya ce zai faɗaɗa maka rami da dril.

Dan Mubi: to yanzu an fasa V8 din kenan? haba jama'a 😩

Sani Yelwa: Ba a fasa ba, ba a kuma yanke ba. Gobe in Allah ya kai mu zan sa yara su ciro mataccen injin mu wanke wurin, in auna faɗi tsakanin ƙarafunan shasi biyu, da daga bango zuwa radiyato, da daga gicci zuwa kafo, in turo hotuna. Hajiya ki tambayar min farashin 1UZ na farkon a Duwala, Ɗan Mubi kai kuma tunda kana da mutane a Kaduna ka binciko min V6 na 505 da buwat ɗinsa.

Dan Mubi: ni aka ba aikin neman injin tsofaffi 😂 toh shikenan zan kira wani yayana a panteka

Hajiya Asabe Gaundere: Zan tambaya. Amma ka sani in za a kawo sai dai rabin mota, a yanko gaban gaba ɗaya da feso da kalkilato da mitar iska da igniter biyun da buwat da kan farfela, a ɗora a tirela zuwa Gaundere, daga nan kai za ka san yadda za ka sauko da shi. Kuma sai an tayar da shi an turo maka bidiyo kafin ka tura ko dala.

Usta Mahamat Njamena: Sani in za ka auna ka sa kafo a rufe, ka shiga ta ƙasa ka auna tsayin, kuma ka cire santimita biyu don inji na motsi a kan sifor. Ka ɗauko min hoton inda pon ya kama jikin motar a baya ma, da haske sosai, in akwai tsatsa a wurin to da tolye, mai gyaran jikin mota, za mu fara kafin kowane inji.